Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Bitil Motar Rairayi a Legas

Duk wanda ya taɓa bin hanyar gona a bayan Epe cikin watan Yuni, ko ya kai kaya ƙauyukan bakin teku na Ibeju-Lekki inda kwalta ke ƙarewa rairayi ya fara, ya san wurin da motar gida take gazawa. Taya na juyawa, mota ba ta gaba, cikinta ya zauna daram a kan yashi. Abin da ya jefa ni aikin haɗa motar rairayi ke nan, wadda Turawa ke kira bagi: mota ce da aka tuɓe wa bodi, aka bar mata injin da ƙafafu da kujeru biyu cikin kejin ƙarfe. Wata bakwai na yi a kan tawa a wani gareji a Agege, ina taɓawa ranakun Lahadi da bayan la'asar idan aikin mutane ya lafa.

Tun yanzu ka riƙe wannan, domin shi zai tsara maka kashe kuɗi: ƙarfin irin wannan mota a rashin nauyinta yake, amincinta kuma a keji da birki. Injin shi ne na ƙarshe a layi, ko da yake shi zuciya ta fi son a fara taɓawa.

Motar da za ka saya

Ka nemi Volkswagen Bitil, wadda wasu ke ce wa kunkuru, Yarbawa su ce ijapa. Wani Ba'amurke mai suna Bruce Meyers ne ya fito da wannan salo a Kalifoniya a 1964, a kan kayan Bitil, kuma irin motarsa ce ta ci tseren hamada na Meziko a 1967. Mu a nan mun yi sa'a, don kamfanin Volkswagen ya fara haɗa Bitil a Ojo a 1975, shi ya sa har gobe akwai tashar da ake kira Volks a kan titin Badagry. Motocin sun yi ƙaranci, amma ba su ƙare ba.

Dalilan zaɓenta a fili suke. Injin yana baya, nauyinsa a kan tayoyin da ke tura motar, don haka suna kama ƙasa. Iska ke sanyaya shi, babu lagireto da ƙaya ko kututture zai huda. Ƙasanta shafaffe ne, yana sulɓi a kan yashi maimakon ya sarƙe. Mafi muhimmanci, bodinta da noti aka ɗaure shi a kan shasi. Ka kwance, ka ɗaga, shasi ya tsaya da ƙafafunsa da injinsa. Golf da ire-irenta ba haka suke ba: bodinsu shi ne shasinsu, kana yanke shi motar ta karye, ga shi da tayoyin gaba suke ja. Tsohuwar Suzuki Samurai ko Hilux suna da shasi daban kuma suna aiki, sai dai nauyi da tsada.

Wajen nema, 'yan'uwanmu 'yan gwangwan sun fi kowane dillali amfani. Su ke shiga lungunan Mushin da Ikorodu da Iyana Ipaja, su ke sanin gidan da Bitil ta shekara goma a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Ka gaya musu kana saye fiye da kuɗin kilo, kafin guduma ta hau kanta.

Idan ka je gani, kada fenti ko ruɓewar ƙofa su dame ka, duk zubarwa za ka yi. Ɗauki sukudireba da tocila ka shiga ƙasa. Doron ƙarfen nan da ya ratsa tsakiyar motar daga gaba zuwa baya, wanda sandar giya ke kansa, shi ne ƙashin bayanta. Ka soke shi a wurare da dama, musamman gaba inda ƙafafun gaba ke ɗaure da baya inda ya rabu biyu ya riƙe giyabos. In sukudireba ta shige a nan, ka yi sallama ka tafi, komai arha. Faranti biyu na gefe da ake taka ƙafa, musamman ƙarƙashin batir, kusan kullum tsatsa ta cinye su a iskar Legas; wannan ba komai, ana sake su. Ɗaga kujerar baya, za ka ga lambar shasi an buga ta a kan doron. Ta yi daidai da ta takardu, a kuma rubuta maka shaidar ciniki da shaidu. Daga nan ka kama fulin injin ka juya da hannu. In ya juya, akwai rai. Ka ja shi gaba da baya. In yana ƙwas-ƙwas da wasa mai yawa, ka sa kuɗin buɗe injin cikin lissafi.

Kwancewa

Cire batir tukuna, ka zuƙe fetur, ka fitar da tanki ka ajiye shi nesa da inda ake walda. Kafin ka taɓa kowace waya ɗauki hotonta da wayarka, notuna kuma kowane rukuni da ledarsa da rubutu. Kwana biyu kafin ranar, ka jiƙa su da man kwance tsatsa. Notunan bodi suna jere a gefe biyu ta ƙasa, sifana mai lamba 13 ke kwance su, akwai kuma manya masu lamba 17 a gaba wajen mazaunin tanki da baya ƙarƙashin kujera. Raba sandar sitiyari, cire wayar mita daga tayar gaba ta hagu, da tiyon man birki. Mutum shida sun isa su ɗaga bodi. In ya ƙi tasowa, akwai notin da ka manta; kada a sa ƙarfi. Injin noti huɗu kacal ke riƙe shi a jikin giyabos, a tara masa jak a ja shi baya ya sauko.

Bodin kada ka yi saurin sayarwa. Sandar sitiyari da akwatin fis da gwangwanin man birki duk a jikinsa za ka ciro.

Shasi, da maganar rage tsawo

A kankare tsatsa har farin ƙarfe ya fito, a yanke faranti da suka ruɓe a sa sababbi. A nan za a ce maka sai an rage tsawo. Gaskiya ne masu salon Meyers suna yanke kusan santimita 36 daga tsakiya, tazarar tayar gaba da ta baya ta sauko daga mita 2.4 zuwa mita biyu da ɗan kai. Gajeriyar tana juyawa a ƙaramin fili, cikinta bai cika taɓa tudu ba. Amma ni shawarata ga mai yin ta farko ita ce ya bar shasi yadda yake. Cikin doron nan akwai bututun fetur, da na wayar kuloci, da na totur, da na birkin hannu, ga sandar giya; duk sai an rage su daidai wa daida. Kuma doguwar ta fi natsuwa a guje, ba ta saurin juya maka baya. In ka dage, a yanka bayan mazaunin kujeru, a ɗaure ɓangarorin biyu a kan miƙaƙƙun ƙarafa, a ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a auna daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a auna kishiyarta. Sai awon biyu sun zo ɗaya a cike walda. Shasin da ya karkace, tafiyar kaguwa zai yi har ƙarshen ransa.

Keji

A nan nake so ka zauna, ka kashe lokaci da kuɗi ba tare da jin ciwo ba. Da ka cire bodi, shasi ya rasa abin da ke hana shi murɗewa, kai kuma ka rasa abin da ke tsakanin kanka da ƙasa. Keji ne zai maye gurbin duka biyun.

Bututun da ake so shi ne baƙin ƙarfe marar ɗinki. Ma'aunin da masu tseren mota ke bi shi ne faɗin milimita 45 da kaurin 2.5 ga babban baka, wato lanƙwasasshen bututun da ke bayan kai, sauran kuma 38 da kaurin 2.5. Ka je Owode Onirin ko wajen masu ƙarfe na Orile da ma'aunin kauri a aljihunka, ka auna da kanka, ka leƙa cikin bututun da tocila. In ka ga layin ɗinki ya miƙe a ciki, ba shi ba ne. Farin bututun ruwan famfo kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Yana tsagewa ta ɗinkinsa, kuma hayaƙin da rufinsa ke fitarwa a wuta yana sa mai walda zazzaɓi. Bututun da ake yin gado da rumfar biki shi ma haka, takarda ne.

Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, ɗaura kujerun a inda za su zauna, ka hau da hular kwano a kanka, wani ya auna. Tsakanin hular da ƙarfen sama a bar aƙalla santimita biyar, in akwai wanda ya fi ka tsawo cikin masu hawa da shi za a auna. Ni da bututun roba na wayarin gida na fara haɗa siffar, na ɗaure da salatif, na shiga na fita sau da yawa har na gane inda gwiwa ke bugu. Kuɗin robar bai kai na ƙarfe ɗaya da za a yanka a ɓata ba.

Babban baka, wanda ke bayan kai, ya zama bututu ɗaya da aka lanƙwasa, babu haɗi. A lanƙwasa shi da injin lanƙwasa mai mazubi daidai faɗinsa. Wanda aka gasa da wuta aka tanƙwara a gindin bishiya, ko ya motse a kwana kamar bakin buhu, a nan zai karye. Sai baka na gaba wajen sitiyari, sanduna biyu a sama su haɗa su, sandar da ta ratsa babban baka a karkace daga kusurwar sama zuwa ƙasa, biyu su gangara baya su dafe wuri mai ƙarfi kusa da mariƙin shokozoba, sannan na gefe daidai ƙugu. Duk inda ka ga murabba'i, ka ratsa shi ya koma alwatika. Murabba'i yana kwantawa, alwatika ba ta kwantawa. Ƙafar kowane bututu ta sauka a kan faranti mai kaurin milimita uku ko fiye, a wurin da aka ƙarfafa, kada ta tsaya a kan siririn farantin ƙasa, don ranar da mota ta kife huda shi za ta yi ta wuce.

Bakin kowane bututu a fafe shi da giranda kamar bakin kifi, ya rungumi ɗan'uwansa ba rata. Ratar da aka cike da walda ba haɗi ba ce.

Zaɓen mai walda ya kusa fin zaɓen ƙarfe. Na fara ba wani mai yin ƙofofi da tagogi, aikinsa a ido sumul. Da wani dattijo ɗan Kano da ke waldar tankokin mai a wajen Apapa ya zo dubawa, bai ce komai ba, ya sa aka haɗa guntaye biyu irin na kejin, ya ɗaure a bais ya ɗauki babbar guduma. Bugu uku haɗin ya ɓalle, cikinsa fari tas, wuta ba ta ratsa ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wannan a kan ƙarfe ta kwanta, ba ta shige shi ba. Ƙofa in ta ɓalle ɓarawo ne zai shiga. Wannan in ta ɓalle wuyanka ne." Na ce, "Baba, to yaya za a yi?" Ya ce a sare duka a sake. Sati uku da kuɗin bututu biyu suka tafi, kuma ban taɓa yin nadamarsu ba. Kai ma ka yi wannan gwaji kafin a taɓa motarka: haɗi mai kyau, bututun ne zai lanƙwashe, waldar tana nan. A yi aikin da janareta mai ƙarfi, domin wutar da ke hawa tana sauka ba ta narka ƙarfe daidai. A ɗiɗɗiga dukkan kejin tukuna, a auna, sannan a cike ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don kada zafi ya ja shi gefe guda.

Ƙafafu da birki

Yawancin Bitil ba su da sifirin mai naɗi. Sandunan ƙarfe ne ke murɗewa su ɗauki nauyi. A baya, kowace sanda tana da haƙora 40 a ciki, 44 a waje, shi ya sa ake iya ɗaga motar ta hanyar zare sandar a juya ta. Haƙori ɗaya na ciki digiri 9 ne, na waje 8 da ɗan kai, sai a juya ɗaya gaba ɗaya baya a sami ɗagawa kaɗan-kaɗan. Farantin da ke kan sandar a ɗame yake da ƙarfin da zai karya hannu, sai an tare shi da jak da sarƙa ake sakin sa. Wanda bai taɓa yi ba ya kira tsohon makaniken Bitil.

Kada kwaɗayin tsawo ya ja ka. Akasarin waɗanda na ci karo da su a nan masu aksul ɗin lilo ne, wato tayar baya tana karkata yayin da take hawa da sauka. In ka ɗaga da yawa, tayoyin za su karkata, ƙasansu ya shige ciki, a kwana ta waje ta lanƙwashe ƙarƙashin mota ta kifar da kai. Ɗagawa kaɗan da taya mai tsawo sun wadatar. A baya sa mai faɗi a kan wili 15, a gaba siririya don sitiyari ya yi sauƙi. Ka tuna taya in ta cika girma tana cinye ƙarfin giya. Ƙirga ramukan wilinka kafin ka tafi kasuwar kayan mota ta Ladipo, don akwai mai biyar masu faɗin tazara, akwai mai huɗu. Babban notin aksul na baya, mai lamba 36, a ɗaure shi tamau da dogon ƙarfe a sa masa sabon fin.

Birki kuwa ba a gyara tsoho. Bututun ƙarfe, tiyo, robobin cikin wili, takalman birki, duka sababbi. Tukunyar birkin in mai layi ɗaya ce a sa mai layi biyu, yadda in gaba ya fashe baya zai kama. Birkin hannu ya yi aiki. A duba wasan sitiyari da kawunan sandunansa.

Injin, tanki da waya

Injin 1600 doki hamsin ne ko kusa, kuma a motar da ta zubar da bodi ya isa har ya yi yawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a cire gwangwanayen da suka lulluɓe shi wai don ya sha iska. Su ne ke bi da iskar fanka ta kan silinda da na'urar sanyaya mai. Ka cire su, injin ya ƙone. A saita bawul injin na sanyi, rata milimita 0.15. Baƙin mai lita biyu da rabi yake ci, kuma rariya gare shi ba filta ba, don haka a riƙa juye shi da wuri, balle mai shan ƙura. Matacin iska ya zama mai kyau, a ɗaga shi sama. Rairayi in ya shiga kafireto, ringi yake ci. Salansa a juya ta sama, a sa farantin kariya ƙarƙashin injin da giyabos, a yi wa fanbel da fuli rumfar ƙarfe saboda hannun yara da bakin riga.

Gobarar Bitil daga tiyon fetur take tashi. Sa sabo, kowane baki da maɗauri, ka ɗaure ɗan bututun tagulla da ke shiga kafireto da waya, don yana zarewa fetur ya zuba a kan injin mai zafi. Tanki ya zauna cikin keji, da farantin ƙarfe tsakaninsa da mutane, da murfin da ba ya zuba in an kife. Tankin da ya taɓa shan fetur ba a kai masa wuta, ko an wanke shi.

Waya kaɗan ake bukata: makunni, sitata, caji, fitilu, ham, kowanne da fis, da babban makashin batir inda hannu zai kai. Fitilun gargaɗi biyu kada ka yar da su, ta mai da ta caji. Ta caji in ta kama kana tafiya, ka tsaya nan take, domin bel ɗin da ke caji shi ke juya fanka.

Kujeru a ɗaure su da noti a kan ƙarfe mai ƙarfi. Bel mai madauri huɗu ko biyar, na kafaɗa a ɗaure a sandar da ke daidai kafaɗa ko ƙasa kaɗan. Tukunyar kashe gobara a gefen direba. Fenti kuma a fara da jan nan mai hana tsatsa, a toshe bakin kowane bututu, don iskar gishiri ta ciki take ci.

Fita gwaji

Motar da aka sauya wa siffa haka ba ta hawa titin gwamnati sai jami'an VIO sun duba ta, takardu da inshora sun cika. In ba haka ba tsakaninka da su da 'yan FRSC da LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, sai asara. Ɗora ta a motar ɗaukar kaya ka kai ta fili. Bakin teku ma yana da masu shi: ka nemi izinin baale, wato mai garin, ko masu kula da wurin, ka nisanci inda jama'a ke shaƙatawa da inda masunta suka shanya taru.

Ranar farko a fili mai tauri, kai kaɗai, da hular kwano, a giya ɗaya da biyu. Taka birki sau goma, ka ga ko tana ja gefe. Sauka ka taɓa kowane wili ka ji zafi, ka shinshina fetur, ka bi notuna da sifana. Sai a fita ta biyu za ka shiga rairayi. Rage iskar taya zuwa 12 ko 15 a geji don ta baje, ka tafi da famfo na mayarwa. Tashi a hankali, kada ka yanke totur a wuri mai laushi, in ta fara tona ka ɗaga ƙafa ka koma da baya a kan sawunka. Tudu a miƙe ake hawansa a miƙe ake sauka, ba a ratsa shi a kaikaice. Manyan yatsunka su kasance a wajen sitiyari, kuma ka gaya wa na gefenka in ta tashi kifewa ya riƙe bel ɗinsa, kada ya fitar da hannu. Teku na cika sau biyu a yini, don haka ka tambayi masunta lokacin kafin ka sauka kan jiƙaƙƙen yashi, ka tafi da igiya da shebur da mota ta biyu.

In kun dawo, a ranar za a wanke ta da ruwan daɗi, sama da ƙasa da cikin wili, kada gishiri ya kwana. Bayan ta bushe, ɗauki tocila ka bi haɗin keji ɗaya bayan ɗaya. Siririn layin tsatsa a gefen walda alamar tsagewa ce. A kankare wurin a sake shi kafin fita ta gaba. Sannan a buga giris a ƙafafun gaba har tsohon ya fito, a wanke matacin iska, a duba mai.